Kujera Maras Ƙafa

Kowa ya san abin da ake so ga kujera. Ana son ta da ƙafafu huɗu masu ƙarfi, ta tsaya wuri ɗaya, kada ta girgiza. In ƙafa ɗaya ta gurɗe, sai a kai wa kafinta, ko a sa mata ɗan dutse a ƙarƙashi. Amma akwai wani abin zama da ba shi da ƙafa ko ɗaya, ba shi da majingina, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙwallo ne babba na roba, cike da iska. Tsayinsa yakan kai gwiwar babban mutum, wani ma ya wuce. Ba a buga shi da ƙafa kamar balon filin lakwal. Zama ake yi bisansa, ko a kwanta, ko a ɗora masa ƙafafu. Likitoci suna aiki da shi a asibiti, ƴan wasa kuma suna horar da jikinsu da shi. Rashin tsayawar nan tasa ita ce amfaninsa.

Wani tela na Damagaram ya daɗe bai yarda da wannan magana ba.

Bayan tela

Telan nan ya fi shekara 30 bisa keken ɗinki. Ya fara yana yaron shago, yana sa maɓalli, yana sharar ƙyallaye, har ya zama maigida mai yara 4 masu koyon sana'a. Da sassafe yake buɗe shago. Yana zama bisa wani gajeren benci, ya sunkuya, idonsa ga allura, ƙafafunsa suna taka keke. In salla ta gabato, shadda da atamfa suna taruwa har su rufe tebur. Lokacin nan ba ya tashi sai don salla da cin abinci. Da keken nan ya yi aure, da shi ya gina gida, da shi yake sayen hatsi da littattafan ɗiyansa.

Ciwon ya fara kaɗan-kaɗan, a kwankwaso. Da fari sai da marece yake jin sa. Daga baya ya zama tun da safe. In ya sunkuya ɗaukar almakashi, sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Ya shafa man zafi. Ya je wajen wanzami an yi masa ƙaho. Ya ɗaure ƙugu da rawani. Ya sayi ƙwayoyi wajen masu talla bisa faranti. Kowanne yakan ba shi sauƙin kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ciwo ya dawo.

Wata shekara, cikin azumi, abin ya kai shi ga kwanciya. Ya yi kwana 12 bisa tabarma. Masu kaya suka yi ta zuwa, wasu suka yi haƙuri, wasu suka karɓi yadinsu suka kai wani shago. Da ya tashi, sai ya ga bayan ya ƙara sanƙarewa. Ranar nan ya tsorata ƙwarai, don tela da ba ya iya zama ya rasa sana'a, gidan da ke ci daga keken kuma ya rasa abinci.

A asibiti likita ya yi masa tambayoyi da yawa. Yana zazzaɓi? Yana tari? Ya rame? Ya taɓa faɗuwa? Ƙafarsa tana mutuwa? Yana iya riƙe fitsari? Tambayoyin nan suna da dalili. Akwai ciwon baya mai haɗari, wanda karaya take kawowa, ko jijiyar da aka danne, ko tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Irin wannan yana son magani da gaggawa. Amma tela ba shi da ko ɗaya cikin alamun nan. Nasa irin na yawancin mutane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon kwankwaso, kuma cikin kowane 10, wajen 9 ba a samun wata cuta takamaimai da ta kawo shi. Likita ya rubuta takarda, ya tura shi wajen masu motsa gaɓoɓi, waɗanda a asibiti ake kira kine.

Tela ya shiga ɗakin yana tsammanin allura ko wata babbar na'ura. Sai ya ga tabarmi, da madubi, da sanduna biyu na dafawa, da manyan ƙwallaye masu launi iri-iri. Malamar ɗakin ba ta wuce sa'ar babbar ɗiyarsa ba. Ta mirgino wani shuɗi ta ce:

— Baba, bismilla, a zauna nan.

— Malama, ni da furfurata? Wannan ai abin wasan jikokina ne.

— Baba, a dai gwada. Ga hannuna, a riƙe.

Ya zauna don kunya. Ƙwallo ya zame hagu, ya yi sauri ya buɗe ƙafafu. Ya zame baya, ya ɗaga ƙirji. Ba wanda ya ce masa ya miƙe, amma sai ya ga kansa cikin madubi zaune tsaf kamar mahayi bisa sirdi. Bayan minti 3 gumi ya feso masa a goshi, alhali kuwa bai ɗauki kome ba, bai je ko'ina ba. Ya tashi yana mamaki. Mutum ne mai son sanin yadda abu yake aiki, shi yake gyara kekensa da kansa. Don haka duk ranar da ya zo sai ya yi tambaya.

Inda ƙwallon ya fito

A ƙasar Italiya aka fara yin sa, a shekarar 1963. Wani mai masana'antar roba, Aquilino Cosani, shi ya gano hanyar zuba babban ƙwallo mai kaurin fata, wanda zai ɗauki nauyin mutum. Ba a daɗe ba ƙwallayen suka ƙetare duwatsu suka shiga Suwis, maƙwabciyar Italiya ta arewa.

A birnin Bern akwai wata likitar yara, Elsbeth Köng, da wata malamar motsa gaɓoɓi ƴar Ingila, Mary Quinton. Aikinsu shi ne kula da jarirai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni kafin haihuwa ko lokacin haihuwa. Irin yaran nan suna jinkirin ɗaga kai, da zama, da rarrafe. In an kwantar da jariri rub da ciki bisa ƙwallo aka karkata shi a hankali, sai ya yi ƙoƙarin ɗaga kai, ya miƙa hannu don ya kare kansa. Ta haka ake tada motsin da yaro yake bukata.

A birnin Bazel kuma, wanda Faransawa suke kira Bal, akwai Susanne Klein-Vogelbach. An haife ta a 1909, ta rasu a 1996. Ita ce ta shugabanci makarantar koyon aikin motsa gaɓoɓi ta birnin, kuma ita ta kai ƙwallon wajen manya masu ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Ta tsara motsi iri-iri, ta ba kowanne suna mai sauƙin tunawa. Akwai Ma'auni, akwai Agwagwa, akwai Ƙaguwa, akwai Almakashi. Ta rubuta littafi guda da Jamusanci a kan wannan aiki.

Daga baya likitocin Amurka suka zo Suwis suka gani, suka koma da shi gida cikin shekarun 1980. Da yake can suka gan shi, sai suka sa masa suna ƙwallon Suwis. Sunan ya bi shi har yau, ko da yake Italiya ce mahaifarsa. Daga asibiti ya shiga gidajen horar da jiki, da ɗakunan haihuwa, da gidajen mutane.

Da tela ya ji haka, sai ya ce ashe bai yi kuskure duka ba, da yara aka fara. Amma ya daina jin kunyar zama bisansa.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƴan ƙasusuwa ne 33 da aka jera bisa juna. Guda 24 suna motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari yake kamawa, 5 a kwankwaso. Sauran sun manne da juna can ƙasa. Tsakanin masu motsin akwai faya-fayan guringuntsi masu taushi, suna aiki kamar gammo tsakanin kai da tulu. Ƙasusuwan kwankwaso 5 ɗin nan su suke ɗauke da nauyin kai, da hannuwa, da ƙirji.

Jerin nan ba ya iya tsayawa shi kaɗai. Kamar sandar tanti yake, wadda igiyoyi suke riƙe da ita ta kowane gefe. Igiyoyin jiki su ne tsokoki: na ciki ta gaba, na gefe biyu, na gadon baya, da na ɗuwawu. Wasu manya ne, ana jin su da hannu. Wasu ƙanana ne, suna can ciki, manne da ƙashi. In mutum ya yi shekaru yana zama iri ɗaya, a sunkuye, wasu tsokokin suna gajiya da ja, wasu kuma suna raunana don rashin aiki. In ya kwanta kwana da kwanaki, raunin yana ƙaruwa. Shi ya sa kwanciyar kwana 12 ba ta yi wa tela amfani ba.

To, yaya jiki yake sanin zai faɗi? Yana da masu tsaro iri uku. Na farko ido, wanda yake ganin bango da ƙasa. Na biyu yana can cikin kunne: ƴan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a ciki. In kai ya juya, ruwan yana motsi, labari ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya yi ta juyi yake jin jiri in ya tsaya, don ruwan bai gama motsi ba. Na uku su ne ƙananan jijiyoyin ji da ke tafin ƙafa, da gaɓoɓi, da cikin tsoka. Su suke faɗa wa mutum inda hannunsa yake ko da idonsa a rufe.

Ana iya gwada wannan cikin aji. A tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, a ƙirga 20. Sa'an nan a rufe ido a sake. Za a ji idon sawu yana rawa, ƴan yatsu suna kama ƙasa, ciki yana ɗaurewa. Mai tsaro ɗaya ya tafi, sauran biyu sun ƙara aiki.

Bisa benci masu tsaron nan suna iya yin barci, don benci ba ya zuwa ko'ina. Bisa ƙwallo ba su da hutu. Ƙwallo ya karkata kaɗan, labari ya je ƙwaƙwalwa, tsoka ta ja, jiki ya dawo daidai. Haka abin yake ta maimaituwa, mutum bai ma sani ba. Yarinyar da take ɗaukar tulu ba ta riƙe ba, da yaron da yake hawan jaki ba akumari, da ɗan kokowa da ake turawa ya ƙi faɗuwa, duk wannan aikin jikinsu yake yi. Sun koye shi ne da yawan yi, kuma wanda ya bar yi yana mantawa.

Masana sun auna abin. A shekarar 2000, a jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, aka manna wa maza 8 wayoyi a ciki don a auna aikin tsoka. Aka sa su kwanta rigingine su ɗago kai da kafaɗu, da fari bisa abin da ba ya motsi, sa'an nan bisa ƙwallo. Aikin tsokar ciki ya kusan ninkawa biyu bisa ƙwallo.

Motsin da tela ya koya

Malama ba ta ba shi duka rana ɗaya ba. Sai ya iya na farko take ƙara masa na biyu.

Na farko, zama. A zauna tsakiyar ƙwallo, tafin ƙafa duka a ƙasa, a buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗu. A tura ƙugu gaba da baya a hankali, sa'an nan dama da hagu, sa'an nan a kewaya. Kai da kafaɗu su tsaya wuri ɗaya. Wannan yana sassauta kwankwason da ya sanƙare.

Na biyu, ɗaga ƙafa. Ana zaune, a ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan daga ƙasa, a ƙirga 5, a sauke, a ɗaga ɗayar. Kada jiki ya karkata.

Na uku, gada. A kwanta rigingine bisa tabarma, a ɗora ƙafafu bisa ƙwallo, hannuwa a ƙasa. A ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa diddige. A ƙirga 5, a sauka a hankali. Wannan na ɗuwawu ne da bayan cinya.

Na huɗu, tsuguno a jikin bango. A sa ƙwallo tsakanin kwankwaso da bango, a matso da ƙafafu gaba kaɗan. A sauka kamar za a zauna bisa kujera, a taso. Ƙwallo yana mirginawa tare da baya. Wannan yana ƙarfafa cinyoyi, su ne kuwa suke ɗaga mutum in ya ɗauki kaya daga ƙasa.

Na biyar, hannu da ƙafa. A kwanta rub da ciki bisa ƙwallo, tafin hannu da yatsun ƙafa a ƙasa. A ɗaga hannun dama da ƙafar hagu tare, a ƙirga 5, a sauya. Wannan na gadon baya ne.

Kowane motsi sau 10 yake yi, duka ba su wuce minti 20 ba. Doka biyu Malama take maimaita masa. Kada a riƙe numfashi. In an ji ciwo mai suka, ko wanda yake sauka cikin ƙafa, a tsaya a faɗa. Gajiyar tsoka daban, ciwo daban.

Mako na farko bai ga canji ba, har ya so ya daina. Malama ta tambaye shi kwana nawa yaron shago yake yi kafin ɗinkinsa ya miƙe. Ya yi dariya, ya ce wani sai ya shekara. Ya ci gaba da zuwa. Wajen mako na shida ya sunkuya ya ɗauki allura a ƙasa, ya miƙe, sai daga baya ya tuna bai dafa bango ba.

Abin da ƙwallo ba ya yi

Daɗi ya sa tela ya yi wata dabara. Ya ce zai sayi ƙwallo, ya jefar da benci, ya riƙa ɗinki bisansa tun safe har dare. Malama ta hana shi. Ta ce motsi bisa ƙwallo na ɗan lokaci abu ɗaya ne, wuni bisansa kuma wani abu ne daban.

Wannan ma an auna shi. A shekarar 2006, a jami'ar nan ta Waterloo, aka sa mutum 14 su yi aikin ofis, awa ɗaya bisa kujera, awa ɗaya bisa ƙwallo. Bambancin aikin tsoka ɗan kaɗan ne, amma sun fi jin rashin daɗi bisa ƙwallo. Dalili a fili yake. In mutum ya saba, ko ya gaji, sai ya sake lanƙwashewa, ga shi kuwa ba majinginar da zai huta. Ban da haka, mai taka keke ƙafafunsa ba sa ƙasa, kuma shagon tela cike yake da allura da almakashi.

Ƙwallo kuma ba ya narkar da kitsen ciki, ko da masu sayar da shi sun faɗi haka. Mai son ƙarfin ɗaga nauyi ma ba nan zai same shi ba, don mutum ba ya iya fitar da dukan ƙarfinsa bisa abin da yake rawa. Ƙasa mai tauri ta fi masa. Ga ciwon bayan da ya daɗe kuwa, abin da likitoci suka tabbatar shi ne motsa jiki yana taimakawa. Ƙwallo hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Tafiya, da iyo, da motsi bisa tabarma su ma suna yi. Abin da ya sa ake son ƙwallo shi ne yana da taushi, ba shi da nauyi, ana iya sauƙaƙa motsi ko a tsananta shi, kuma yana sa mutum nishaɗi. Motsin da mutum yake jin daɗinsa shi yake dawwama a kai.

Sauran masu zuwa ɗakin

Tela ya lura ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata mace da take kawo ɗanta mai shekara 2, wanda bai fara zama ba. Malama takan zaunar da shi bisa ƙwallo, ta riƙe ƙugunsa, ta karkata shi kaɗan. Uwar tana gabansa tana kaɗa masa ƙwarya mai tsakuwa. Yaro yana neman ƙwarya, wuyansa da bayansa suna aiki.

Akwai wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi yana zaune bisa gado, ya ɗora hannuwa biyu bisa ƙwallo, yana tura shi gaba yana jawowa. Hannun mai lafiya yana jan maras lafiya. Akwai wani saurayi ɗan balo da aka yi wa aiki a gwiwa, yana koya wa ƙafar yarda da nauyinsa. Mata masu ciki ma suna zama bisa irin wannan ƙwallo suna kaɗa ƙugu, kuma a asibitoci da yawa na duniya ana ba mace shi lokacin naƙuda don ya rage mata zafi. Ƙwallo ɗaya, kowa da aikin da yake yi masa.

Zaɓe da kulawa

Ƙwallayen suna da girma iri-iri. Waɗanda aka fi samu su ne masu faɗin santimetir 45, da 55, da 65, da 75. Na 45 na yara ne da gajerun mutane, na 75 na dogaye ne ƙwarai. Tela ya fahimci wannan nan da nan, don awo sana'arsa ce. Ga yadda ake gwadawa: a zauna bisa ƙwallo, tafin ƙafa a ƙasa. In cinya ta kwanta daidai, ko ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsayi, ya yi. In gwiwa ta fi ƙugu tsayi, ƙwallon ya yi ƙarami.

Da famfo ake hura shi, kuma ba a wuce girman da aka rubuta a jikinsa. A shekarar 2009 an yi gargaɗi a kan ƙwallaye wajen miliyan 3 a Amurka, don wasu sun fashe da mutane bayan an cika musu iska fiye da kima. Akwai irin da ake yi yanzu wanda in ya huje ba ya fashewa, sai ya sace a hankali. Shi ya fi. Ba a barin ƙwallo cikin rana ko kusa da murhu, don zafi yana kumbura iska, yana kuma lalata roba. Kafin a fara a share wuri, kada a bar ƙaya, ko ƙarangiya, ko fasasshen kwalba. A yi nesa da tebur mai kusurwa. Mai koyo ya zauna kusa da bango, ko wani ya tsaya kusa da shi. Ba a tsayawa da ƙafa bisa ƙwallo, ba a turo wanda yake kai. Mai jiri, da mai ciki, da wanda aka yi wa aiki, su tambayi likita tukuna.

Shago bayan wannan

Tela ya sayi ƙwallo, amma a gida ya ajiye shi, cikin ɗaki, nesa da allura. Bayan sallar asuba yake yin motsinsa kafin ya fita. A shago kuwa ya kira kafinta ya ƙara wa benci tsayi, ya sa masa majingina. Ya matsar da keke kusa da taga don ya daina kai ido ga allura. In ya gama riga ɗaya sai ya tashi, ya miƙe, ya taka zuwa bakin hanya ya dawo. Ciwon bai ɓace ɗungum ba. Gab da salla yakan taɓa shi. Amma ya san abin da zai yi, kuma bai sake kwanciya ba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yaran shagonsa. Yana kallon ƙaramin cikinsu, ɗan shekara 14, ya lanƙwashe bisa keke kamar lauje, sai ya ga kansa shekara 30 da suka wuce. Ya san ba kowa zai iya sayen ƙwallo ba, ya kuma gane abin da yake so ga yaran ba sai da ƙwallo ba. Yanzu duk bayan ɗan lokaci yakan buga tebur ya ce su tashi. Wani ya tafi ɗebo ruwa, wani ya kai kaya, wani ya tsaya da ƙafa ɗaya yana zura zare cikin allura. Da fari suna ƙunƙuni, suna cewa Maigida ya zama likita. Yanzu in ya manta su suke tuna masa.

Ɗan makaranta ma mai yawan zama ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar wajen minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ƙaru kowace rana. Langa tana ciki, da tsallen igiya, da gudu, da balo, da kokowa, da tafiya zuwa lakwal da sauri. Cikin aji kuma a zauna da tafin ƙafa biyu a ƙasa, a sauya zama in an gaji, a fita a yi wasa in an buga ƙararrawa. Bayan da zai ɗauki mutum shekara 70 tun yanzu ake gina shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ma'anar kalmomi

Majingina: wurin da ake jingina baya a jikin kujera.
Kwankwaso: ƙasan baya, bisa ɗuwawu.
Guringuntsi: abu mai tauri amma mai lanƙwasuwa, kamar na kunne da na hanci.
Sanƙarewa: ƙin lanƙwasuwa, kamar busasshiyar fata.
Akumari: abin da ake ɗora wa jaki a baya kafin a hau ko a aza kaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa likita ya tambayi tela ko yana tari ko zazzaɓi?
2. A wace ƙasa aka fara yin ƙwallon, kuma me ya sa ake kiran sa ƙwallon Suwis?
3. Ƙasusuwa nawa ne masu motsi a baya? Ku tara na wuya, da na ƙirji, da na kwankwaso.
4. Ku faɗi masu tsaro uku da suke hana mutum faɗuwa.
5. Don me Malama ta hana tela yin ɗinki bisa ƙwallo?
6. Ku tambayi wani mai sana'a a unguwarku inda jikinsa yake yi masa ciwo bayan aiki. Ku rubuta layi 10 a kan abin da ya faɗa.